Ranar da Mamman Sanƙira Ya Ƙara wa Maigari Magana

Jama'a, a gyara zama, a ɗaure awaki, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga shi nan tafe: Mamman ɗan Jika, sanƙiran Tsamiyar Bako, maƙogwaron maigari, rediyon da ba ya cin pil, wato batir, babban masanin doka tsakanin Agye da Gazawa in an cire waɗanda suka san ta. Mutumin da in ya yi shela a bakin masallaci, matan ƙauyen gaba kan sauke taɓarya su saurara. In muryar ka fara ji kafin ka ga mai ita, za ka zaci ƙato ne mai cika ƙofar zaure. Ina! Ɗan tsurut ne, wuya kamar na zabo, hula ta fi kai girma, ga takalmin taya da ya girmi mai wannan rubutu.

Sanƙiranci gado ne a gidansu, tun kakansu da ya hauro daga ƙasar Katsina. Ga yadda aikin yake. Maigari ba ya ɗaga murya a taro, girmansa bai yarda ba. Yakan faɗi maganarsa ƙasa-ƙasa, sanƙira na durƙushe a gefensa, sai ya miƙe ya cilla ta ga jama'a. Kuma ba a cilla ta tsirara, sai an sa mata riga. In maigari ya ce a yashe rijiya, Mamman zai ce, "Maigari na gaishe ku! Ya ce rijiyar nan uwa ce, wanda bai fito aiki gobe ba, kada ya zo da guga jibi!" Mutane sun san akwai ƙari, suna ma son ƙarin, amma ba wanda ya taɓa zama ya ware na maigari daga na Mamman. Abin da ya fito daga bakinsa, maganar maigari ce. Balle da maigarin ya tsufa kunne ya yi nauyi, duk abin da Mamman ya kwarara, kai kawai yake gyaɗawa.

Shela ba ta cika rumbu. Abin da ke ciyar da gidan Mamman gona ce guda, can gefen gari, a bakin burtalin da shanu ke bi. Rairayi ce zalla, irin wadda in ka shuka gero sai ya fito yana ba ka haƙuri. Amma geron Mamman zangarniyarsa kamar hannun ƙato, kuma sirrin ba nasa ba ne, na Sajo ne.

Sajo Bafillace ne, dogo, mai ƙarancin magana. Tun zamanin iyayensu ake wannan zama. In gidan su Mamman sun gama yankan gero, sai su rataye dami ɗaya a gawon da ke bakin gona. Ba aike, ba sallahu. In Sajo ya biyo burtali ya ga damin, ya san an buɗe masa ƙofa. Ya sauke shi ya ba iyalinsa, ya kafa bukka, shanu su ci kara, su kwana, su bar taki. Matarsa Safina kuma ta riƙa kawo wa Dija, matar Mamman, nono kullum safiya. Kowa a gari ya san damin nan kan hau gawo tun kafin a yi shelar sakin gonaki, wato ranar da hukuma ke ba makiyaya izinin shiga kara. Dattawa kan kau da kai, don gonar a gefe take, shanu ba sa ratsa ta kowa kafin su shige ta.

Ana nan sai ga zamanin dimokuraɗiyya. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, rediyo ya cika da mutane masu faɗa wa manya abin da a da ko a mafarki ba a faɗa. Aka rubuta sabon tsarin mulki, aka ce a ƙarshen shekarar 1992 za a kawo shi talakawa su ce i ko a'a. Sai aka tara masu gari da masu yi musu shela a Agye, don a koya musu abin da za su gaya wa mutane. Mamman ya tafi bisa jaki, ya dawo yana taku kamar wanda ya sauko daga jirgin alhazai.

Tsarabarsa kalmomi ce. Wani mushe, yadda ake kiran malamin lakol, wato makarantar boko, mai suna Hafizu, shi ya kasa musu su kamar mai kasa tumatir, ƙanana a gaba, manya a baya. Akwai laifi kawai, irin na kowa da kowa. Akwai abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Akwai keta doka, wanda Faransanci ke kira ilegal. Akwai haramtacce, inda wani limami ya miƙe ya ce a bar musu kayansu, haram ta Allah ce ba ta gwamnati ba, aka yi ta ja har aka kira azahar. Can sama kuma akwai uwarsu duka: abin da ya saɓa wa tsarin mulki, antikonstitisiyonel. Mushe Hafizu ya ce wannan ba ta yau da kullum ba ce.

"Sanda ce aka miƙa wa talaka," in ji shi, "don ya nuna wa mai mulki in ya wuce iyaka. Ba a ɗaga ta a kan talaka."

Mamman ya ji. Kada wani ya zo gobe ya ce bai ji ba. A sahun gaba yake, shi ya fi kowa gyaɗa kai.

Jakinsa ne ya fara shan karatun, tun daga Agye har gida, har sai da harshen Mamman ya iya hawa kalmar ya sauka bai yi tuntuɓe ba. Daga nan gari ya shiga uku. Akuyar maƙwabta ta leƙo danga, keta doka. Mai shayi ya tsinke madara, ba bisa ƙa'ida ba. Ranar da ya ɗanɗana miya ya buɗe baki, Dija ta riga shi.

"Malam, in ka kira tuwona ilegal, ka koma Agye su tuƙa maka na ƙa'ida."

Babbar dai ya adana ta kamar rigar salla. Ta taɓa samun rana, gaskiya. Wasu masu kaki suka tsaya a gari, suka kama zakarun wata tsohuwa suka jefa a mota, tana kuka suna dariya. Kalmar ta taso wa Mamman har maƙogwaro. Ya dubi takalmansu, ya haɗiye ta, ya bi su da Allah kiyaye hanya.

A wannan shekara kuwa maganar sakin gonaki ba wasa ba ce. A kakar da ta gabata an yi mummunan abu can yamma, wajen Gidan Rumji, tsakanin manoma da makiyaya, aka rasa rayuka masu yawa, har yau mutane ba sa son zancen. Don haka hukuma ta tsananta: kada saniya ta taka kara sai ranar da aka sa. Mamman da bakinsa ya yi shelar, ya zaga gari lungu-lungu, har da ƙari. Da ya gama ya sha ruwa, ya wuce gona ya rataye dami a gawo yadda ya saba. Shi bai ga abin da ya haɗa biyun ba. A wurinsa shela aiki ce, dami kuwa zumunci.

Sajo ya biyo burtali, ya ga dami, ya sauka. Nono ya fara zuwa gidan Dija.

Ana haka aka aiko cewa baƙi za su zo daga Agye, har da Mushe Hafizu, su yi wa gari bayanin ƙuri'a. Tun hantsi aka cika gindin tsamiya, maza a gaba, mata a baya, samari sun sha wanka sun jingina da danga. Motar baƙi ta kafe a rairayi can hanya, rana ta take, ba su iso ba. Mamman ya ga taron da bai taɓa samun irinsa ba, ya yi ta ɗebe musu kewa da ƙananan kalmominsa.

Sai ga Audu, wanda gonarsa ke iyaka da ta Mamman, kuma bai gama roron wake ba. Ya zube gaban maigari yana haki.

"Ranka ya daɗe, shanu na cikin kara! Da idona na gani. Maraƙi har ya taɓa mini harawa a bakin iyaka. Wagga doka da anka yi muna shela, ta wasu ce ban da wasu?"

Da maigari yake magana, amma Mamman yake kallo. Mamman ya durƙusa ya zuba ƙarar a kunnen tsoho. Maigari ya ce ƙasa-ƙasa, "Na san na wane ne. A aika a ce wa Sajo ya ja baya zuwa burtali har baƙin nan su tafi. Audu ya yi haƙuri."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Daga durƙuso zuwa miƙewa ba nisa, amma a ɗan tsakanin nan Mamman ya yi tunani mai yawa. In ya faɗi haka kawai, Audu zai tambaya wa ya kawo shanun. Baƙi na iya isowa ana tsakiyar zancen, mushen da ya gan shi a sahun gaba ya ji cewa mai shelar doka shi ya fara taka ta. Ga kuma jama'a sun zuba masa ido, ga kalma ajiye tana ƙaiƙayin harshe.

"Maigari na gaishe ku!" Muryar ta doki tsamiya ta dawo. "Ya ce ya ji! Ya ce shigar shanu kara kafin rana, ba bisa ƙa'ida ba ne! Keta doka ne! Haramtaccen aiki ne!"

Kowace ya jefa, sai taro ya amsa da gunaguni, gunagunin na ƙara kauri. Daɗi ya kwashe shi. Ya gyara hula, ya cika ƙirji.

"Ya ce, jama'a, wanga abu antikonstitisiyonel ne! Ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa!"

Tsarin mulkin da ko ƙuri'a ba a jefa masa ba tukuna.

Ba wanda ya san tsawon kalmar nan me yake ɗauke da shi, amma kowa ya ji nauyinta. Wani saurayi daga jikin danga ya ce, "Baba Mamman, wanda ya yi wannan ɗin, mi ake yi mai?"

Nan ma da sauran hanya. Da ya ce a ja baya ne kawai, da an yi dariya an wuce. Amma sanƙira ba ya son a tambaye shi ya rasa amsa.

"Wanda ya saɓa wa tsarin mulki," in ji shi, "ai ya fita daga inuwar doka."

Ba mushe ya koya masa wannan ba, ba a kuma rubuta shi ko'ina ba. Daɗin baki ne kawai. Maigari ya ga leɓe ya daina motsi, ya gyaɗa kai.

Samari suka dubi juna. Ɗaya ya zare itace daga danga, na biyu ya zare, sai dangar ta fara ramewa. Kafin dattawa su gane me ake ciki, an nufi burtali da gudu. Daga cikin mata Dija ta miƙe, zane a ɗamare.

"Mamman! Nonon da ka sha fura da shi yau da safe, shi ma ilegal ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Mamman ya tattare riga ya bi samarin, takalmin taya na cika da rairayi.

Sajo na zaune gindin gawo yana tufka igiya, Safina na wanke ƙwarya a bakin bukka. Da ya ga ayarin, ya miƙe a hankali, ya ɗauki sandarsa ta kiwo ya ajiye ta a ƙasa nesa da shi, inda kowa zai gani. Suka kewaye shi. Audu, wanda ƙara kawai ya kai bai nemi wannan ba, ya kutsa gaba.

"Sajo, tsakaninka da Allah, wa ya ba ka izinin shiga?"

Sajo ya bi fuskoki da kallo har ya samu ta Mamman, can baya, tana leƙe ta kafaɗar wani. Ya dube shi kaɗan. A saman kansa igiyar kabar da aka rataye dami da ita tana nan tana lilo a reshe, ɗaga hannu kawai zai yi. Sai ya mayar da ido ƙasa.

"Ba kowa," in ji shi. "Shanu ne sunka fi ƙarfina, sun saba da wurin. Ku yi haƙuri, yanzu za mu tashi."

Mutumin da aka zo duka, shi yake rufa wa maigidansa asiri. Mamman ya ji maganar ta shige shi kamar ƙaya, amma bakin nan da bai taɓa rufuwa ba tun yaye ya ƙi buɗewa. Yana tsaye yana kallo aka ce, "Kun ji ko, ya amsa!" Yana tsaye itace ya tashi daga gefe ya sauka a goshin Sajo, saman ido. Jini ya wanke masa fuska, ya durƙusa. Safina ta yar da ƙwarya ta ƙwalla ihu, shanu suka firgita, wasu itatuwan suka ɗaga sama.

Sannan muryar ta zo.

"Ku tsaya! Ku tsaya don Allah! Ni na kira shi!"

Ko shanun sai da suka waiwaya. Ya ture mutane ya shiga tsakiya, ya tsaya a gaban Sajo, ɗan tsurut da shi, hula ta faɗi.

"Ni na rataye mai dami, ga igiyata can, ku duba! Maigari bai ce komi ba sai a ja baya. Duk sauran nawa ne, ni na ƙara!"

Saurayin da ya yi tambaya a gindin tsamiya ya sauke hannu rabi. "To antikon ɗin fa, Baba?"

"Ƙarya nake. Ba a faɗa wa talaka ita. An gaya mini, na sani."

Aka yi cirko-cirko. Itatuwa suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, samari suka riƙa zamewa, kowa na tafiya kamar dama wucewa yake yi. Audu ya warware rawaninsa ya yage, ya ɗaure wa Sajo kai. Mamman ya durƙusa ya kama hannunsa.

"Sajo, ɗan'uwa..."

"Ba komi, maigida," in ji Sajo. Ya zare hannun a hankali, ya ce wa Safina wani abu da Fillanci, ta fara kwance bukka.

Daidai nan aka ji ƙahon mota daga gari. Baƙi sun iso, ana neman sanƙira.

Wannan ne abin da Mamman ya fi ƙin tunawa, fiye da jinin ma. Dole ya koma gindin tsamiya, ya tsaya gaban mutanen da suka ji shi yanzu-yanzu, Mushe Hafizu na magana, shi yana ɗagawa. Mushen bai san komai ba, har ya dafa kafaɗarsa ya ce ga ɗalibinsa na sahun gaba. "Tsarin mulki inuwar kowa ce," in ji mushe, Mamman ya maimaita. "Manomi da makiyayi, ba wanda za a taɓa sai da shari'a," Mamman ya maimaita. Ba mai kallon fuskarsa, kowa ƙafarsa yake kallo. Ta saman kawunansu kuwa yana hango garken Sajo ya bi burtali ya yi gabas, farin tsumma a kan mai garken.

Maigari bai tuɓe shi ba. Da aka watse ya kira shi zaure ya gaya masa magana ƙasa-ƙasa, ita ce kaɗai maganar maigari da Mamman bai taɓa ɗagawa ba.

Bayan ƙuri'a ya je kasuwar Gazawa, ya yi ta zaga wajen masu dabbobi har ya samu Sajo, tabo ya raba masa gira. Sajo ya gaishe shi gaisuwa cikakka, ya tambayi Dija, ya tambayi gari, ya tambayi lafiyar maigari, har jakin ya tambaya. Mamman ya miƙa goro, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya juya ya ba wani tsoho da ke kusa. Mamman ya buɗe baki zai fara, Sajo ya ce ana jiransa wajen ciniki. Da ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Da kaka ta zagayo ya sake rataye dami a gawo. Garke bayan garke suka wuce ta burtali, ba wanda ya ɗaga kai. Tsuntsaye suka cinye geron, suka bar masa igiya. Geron da ya biyo baya kuwa ya fito siriri, rumbu bai kai ga damina ba. Dija kuwa sai ta riƙa dama fura da ruwa ta ajiye masa a gaba, ta zauna tana kallonsa har ya shanye.

Har yanzu shi ne sanƙira. Sai dai in maigari ya ce a yashe rijiya, Mamman zai miƙe ya ce, "Maigari ya ce a yashe rijiya," ya zauna. Mutane na ƙorafi shela ta zama lami. In ana gardamar siyasa a wurin mai shayi aka kawo kalmar nan, ko rediyo ya faɗe ta, sai ya tuna yana da aiki a gida. Samari kan kira shi Baba Antikon in ya ba da baya. Yana ji, ba ya waiwaye.

Mai wannan rubutu ya same shi a gona da hantsi, yana jidar takin gida da jaki, abin da shanu kan yi masa a kwance a da. Ya bi shi kunya-kunya yana karanta masa duk abin da kuka ji, tun daga wuyan zabo. Da aka kai ƙarshe, sai ya ce bari ya ɗan faranta wa tsohon.

"Baba, in ka duba da kyau, ai kai ka ceci mutumin nan. Gwarzo ne kai. Wallahi har Maraɗi za a karanta ka."

Mamman ya share zufa da hula, ya ja jakin gaba.

"To, madalla. Sajo dai ba ya karatu. Kama mini bakin mangalar nan."